BIRNIN DAMAGARAM: YADDA YA GIRMA DA ABIN DA KE RIƘE DA SHI

Wannan shi ne jawabin da aka yi wa wakilan rassa a unguwar Kara-Kara. Magatakardan kowane reshe ya karanta wa jama'arsa shi daren kasuwa, sa'an nan ya miƙa takardar ga reshe na gaba.



Dattawa, malamai, iyayenmu mata, samari, da 'yan'uwa wakilai waɗanda suka taso daga Mirya, Matamai, Magarya, Tanut, Gure da sauran garuruwan kasuwa, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Maganar da aka ɗora mini yau ita ce ta wannan birni namu, Zindar, wanda mu muka fi sani da Damagaram: yadda ya girma, da abin da ya ke ci, da abin da ya ke ciyarwa. Watakila wani zai ce, ni mutumin ƙauye ne, ina ruwana da girman birni? To ɗan'uwa, da ruwanka ƙwarai. Kuɗin tiyar hatsin da za ka sayar ran kasuwarku, tun ba ka ɗaure jakinka ba an riga an yanka shi a Kasuwar Dole da Dawanau ta Kano. Fatar akuyarka nan ta ke zuwa. Ɗanka in ya gama shiƙa, nan zai fara sauka cin rani. In birni ya yi ƙarfi kai ma ka ji a aljihunka, in ya raunana kai ne farkon wanda zai ji a rumbunsa.

GARIN DA BA TEKU, BA GULBI

Ikko da Kwatano suna bakin teku, jirgi ya kan kawo musu arziki har ƙofa. Yamai tana bakin Kwara. Mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Kowace hanya ka bi daga nan, sai ka wuce kilomita 1,000 kafin ka ga teku. Sabo da haka birni irin namu a kan duwatsun murhu uku ya ke zaune, watau hanya, da ruwan sha, da ƙauyukan da ke kewaye da shi. In dutse ɗaya ya goce, tukunya ta karkata. Ku riƙe wannan, gama duk tarihin da zan kawo muku a kansa ya ke tafiya.

ZAMANIN AYARI

Gidan sarautar Damagaram daga Malam Yunusa ya samo asali, cikin ƙarni na 18, yana kuwa bin Barno yana kai mata gaisuwa. Abin da ya ɗaga Zindar bisa sauran garuruwan ƙasar shi ne mazauninta. Hanyar da ta taso daga Tarabulus, ta bi Gadamas da Gat da Agadas za ta Kano, nan ta ke ratsawa. Hanyar da ta taso daga Kukawa za ta yamma, ita ma nan ta ke ratsawa. Buzaye su kan kawo kantun gishiri da dabino daga Balma, su koma da hatsin Damargu da na Damagaram da baƙin yadin Kano. Larabawa su kan kawo alharini, takarda, sukari da bindigogi, su ɗauki jemammun fatu, hauren giwa da gashin jimina. Masaukin waɗannan baƙi shi ne ya zama unguwar Zango, Birni kuwa yana cikin ganuwa da fadarsa.

Bature mai yawon duniya, Heinrich Barth, a nan ya zauna daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853 yana jiran kuɗi da kayan da aka aiko masa ta hamada. Kun ga ke nan tun a lokacin, wanda ke son saƙo daga bakin teku ya same shi a ƙasar Hausa, Zindar ya ke sa a kai masa.

Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya yi fiye da shekara 30 bisa gado har rasuwarsa a 1884, shi ne ya kai garin ƙoli. Ya ja ganuwa mai tsawo da kauri wadda har yau a ke ganin ragowarta, maƙeran gari suna zuba masa igwa, ana haɗa albarushi a gida, ya kuma jawo attajirai ya ba su amana. Amma fa gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta: wani kashi na arzikin nan daga cinikin bayi ya fito, 'ya'yan mutane ne aka kamo aka sayar. Wanda zai yi alfahari da ganuwa, kada ya manta da waɗanda suka ɗauki ƙasar ginin a ka.

NASARA YA KARKATA HANYA

A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a nan, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli 1899 sojan Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga gari, kana suka kashe sarkin. A 1906 suka ce an ƙulla musu makirci, suka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Basa suka kai shi Kodebuwa, suka haɗa da babban attajirin Zango, Malam Yaro, wanda harkarsa ta kai Kano da Tarabulus. Gadon sarauta bai koma gidansa ba sai 1923, da aka naɗa Barma Mustafa.

Amma abin da ya fi bindiga yi wa garin lahani shi ne dogo. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke yi wa watanni cikin hamada, sai ga shi jirgin ruwa da na ƙasa suna kawowa cikin 'yan makonni, da araha kuma. Fataucin Tarabulus ya mutu. Da ma Damagaram ƙofar arewa ce, sai ta wayi gari fuskarta na kallon kudu, ga kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakaninta da Kano, da duwan zaune a kai.

Duk da haka a 1911 Faransa ta mai da Zindar babban birnin ƙasar Nijar, aka gina bariki da ofisoshi, kantuna suka buɗe. Shekara 15 kaɗai aka yi, a 1926 Gwamna Brévié ya kwashe mulki ya kai Yamai. Dalilin da aka bayar shi ne ƙarancin ruwa, ba kuwa ƙarya ba ne. Amma akwai na biyu: Zindar tana kilomita 240 ne daga Kano, hannun Ingilishi, cinikinta da zumuntarta duk can suka karkata, Yamai kuwa ta fi kusa da Dahomi da sauran ƙasashen Faransa. Tun daga ran nan, wanda ke neman sa hannun babban ofis sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900.

GYAƊA TA TASHE MU, TA KUMA KA DA MU

Da aka ɗora wa talaka lanho, tilas ya nemi abin da zai sayar ya sami kuɗin Nasara. Sai gyaɗa, wadda waɗansunku ke kira gujiya. Ƙasar Magarya da Matamai da Mirya ta karɓe ta, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli, manyan motoci suna jigila zuwa tashar jirgin Kano. Cikin shekarun 1950 Faransa ta shirya wata dabara don kayan su bi ta Faraku da Kwatano maimakon Nijeriya, ko da ya ke hanyar ta fi nisa. Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin. A kakar 1966 zuwa 1967 an sayi wajen tan 190,000 a ƙasar duka, gyaɗa kuwa ita ce fiye da rabin abin da Nijar ke sayarwa waje. An kafa injin matsar mai a Matamai da Magarya, a cikin birni kuma aka kafa SOTRAMIL don niƙan hatsi.

Sai fari ya zo daga 1968 har 1974, kana a 1975 cuta ta bi gyaɗar ta gama da ita. Manomi ya koma wa hatsi da wake don ya tsira da ransa. Injuna suka tsaya. A daidai wannan lokaci aka fara haƙo yuraniyom a Arlit, a 1971, aka kuma shimfiɗa masa kwalta ta Tawa zuwa Agadas. Motocin arewa, waɗanda tun kaka da kakanni ta Damagaram da Tanut su ke bi, suka koma waccan hanya. Karo na biyu ke nan hanya ta kauce mana.

Darasin gyaɗa a fili ya ke. Garin da ya dogara ga kaya iri ɗaya, wanda kuma wani ne can nesa ke yanka masa kuɗi, bashi ya ke ci ba arziki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

YAWAN KAI DA YAWAN AIKI

Ku saurari ƙidaya. A 1977 mutanen birnin nan wajen 54,000 ne. A 1988 sun kai wajen 120,000. A 2001 sun kai 170,000. A 2012 sun wuce 235,000, in kuwa aka haɗa da ƙauyukan da ke cikin gundumomin birnin guda 5, sun wuce 320,000. Watau cikin shekara 35 garin ya ninka fiye da sau 4. Jihar Damagaram kuma a ƙidayar 2012 ta fi kowace jiha a Nijar yawan jama'a, mutum fiye da miliyan 3 da rabi.

Amma ku dubi maƙwabciyarmu. A 1977 Maraɗi ba ta kai Zindar ba, wajen 45,000 ce. A 2012 ta kai 267,000, ta karɓe matsayin birni na biyu. Ba hassada mu ke ba, 'yan'uwanmu ne, koyi za mu yi. Alhazan Maraɗi sun riƙe hanyar Katsina da Kano, sun juya kuɗin gyaɗa zuwa wani fataucin tun kafin ta faɗi.

Abin tambaya shi ne, me ya kawo mutanen nan birni? Kaɗan ne aiki ya kira. Mafi yawa fari ne ya koro su, na 1973, da na 1984, da na 2005, ko kuwa gonar gado ce ta yi wa magada kaɗan. Garin da masana'anta ta cika shi ya yi ƙiba. Garin da yunwa ta cika shi kumburi ya yi. Namu yana da kashi na kowanne, aikinmu shi ne mu rinjayar da na farko.

Kada kuwa wani ya ce babu abin da ke shigowa. Dabbobin Tanut da Gure ta nan su ke bi zuwa Maigatari da Mai'aduwa. Wake da riɗi na kudu, raken fadamun Korama, kayan lambun Mirya da Gidimuni, kanwa da tattasan gabas, duk suna ratsa tashoshin garin nan. Majema da dukawan Damagaram sanannu ne tun da. Jami'ar da aka kafa a 2010, mai ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin nan wanda ya rubuta tarihin Damagaram, tana tara dubban ɗalibai. Aibin shi ne yawancin kayan ɗanye su ke wucewa. Saniya ta fita da ƙafarta, da namanta da fatarta da ƙahonta. Fatar da za ta zama takalmi a Zango sai a babbake ta a cinye ganda a kudu. Riɗi ya fita a buhu, wani ya matse ya ci ribar man. Mu ladan dako kaɗai mu ke samu.

RUWA

Dutse na biyu shi ne ruwa, shi ne kuwa tsohon ciwonmu. Birnin nan bisa falalen dutse ya ke zaune, ga su nan kuna gani ko'ina. Ruwan sama ba ya samun yashi mai zurfi da zai ɓuya a ciki, sai ɗan abin da ya maƙale a tsaga, saura ya taru a tafki rana ta shanye. Don haka daga nesa a ke jawo ruwan famfo, daga Gogo da Macaya ta kudu, da Arunguza da Ganaram ta arewa. Kowane sabon aiki ya kan kawo sauƙi na 'yan shekaru, sa'an nan yawan jama'a ya cim masa. Da bazara ku dubi layin bido, ku tambayi 'yan ga-ruwa. Matalauci da ke sayen ruwa a bido ya fi mai famfo a gida biyan tsada a kan kowace lita. Ba kuwa mai kafa majema ko masana'antar mai a inda ba shi da tabbacin ruwa. Ashe maganar ruwa maganar aikin yi ce.

MATATA DA IYAKA

A watan Nuwamba 2011 aka buɗe matatar man SORAZ, wajen kilomita 50 arewa da gari ta hanyar Tanut. Tana iya tace ganga 20,000 a yini, ɗanyen man yana zuwa ta bututu daga Agadem, tafiyar fiye da kilomita 450. Kashi 60 cikin 100 na kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne, 40 na Nijar. Babban abu ne, gama shi ne karo na farko da aka sarrafa arzikin ƙasa mai yawa haka a nan gida. Amma matata injuna ne ke aiki, hannun da ta ke ɗauka kaɗan ne in an gwada da samarin da ke zaune. A 2024 kuma aka fara tura ɗanyen mai ta sabon bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku a Benin.

Game da iyaka, kowa a nan shaida ne. Nijeriya ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa farkon 2024 takunkumi ya sake rufe ta, har aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa mana daga Katsina. Kowane karo ɗan rago ya faɗi a hannun makiyayi, kayan kanti ya hau a hannun mai saye. Da Nijeriya ta janye tallafin mai a Mayu 2023, sana'ar ruwa-ruwa da ta riƙe samari da yawa ta karye, nauyi duka ya koma kan matata, har aka yi ƙarancin mai a Maris 2025.

Ga kuma wata magana da na ke so ku kai gida. A 2021 aka fara aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Daga Daura zuwa nan, ta Matamai, bai kai kilomita 150 ba. Dogon 1911 ya tsaya a Kano ya kashe ayari. Kwaltar yuraniyom ta bi ta Tawa. In wannan ma ya wuce ba mu nemi reshe ba, karo na uku ke nan, laifin kuwa ba na Nasara ba ne.

KARA-KARA

Ba banza aka kira taron nan a wannan unguwa ba. Tun da, nan aka ware wa masu ciwon kuturta da sauran waɗanda gari ya juya wa baya. Yau kuturta tana da magani, tun 1981 aka san haɗinsa, wata 6 zuwa 12 mutum ya warke, kyauta kuma a ke bayarwa. Ciwon ya sami magani amma ƙyamar ba ta samu ba. Jikokin mutanen nan lafiyayyu ne, ƙarfafa, amma yaro ya je neman aiki, da ya faɗi unguwarsu sai a ce ya dawo gobe. Shi ya sa waɗansu suka taru a ƙungiyoyin da a ke kira fale, har sunan unguwar ya zama abin tsoro. 'Yar garin nan Aicha Macky ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta na 2021.

Amma ku duba da idonku. Tsakuwar da a ke zuba wa benayen birni, hannun wa ya fasa ta? Wa ke kabu-kabu, wa ke dako, wa ke tura ruwa? Birni yana cin guminsu yana ƙin sunansu. Ba kuwa su kaɗai ba ne, gama ɗan ƙauyen da ya zo cin rani bai sami sana'a ba, irin wannan zama ne ke jiransa. Kada a auna girman Damagaram da fitilun da aka kafa don bikin 18 ga Disamba 2018. A auna shi da yawan yaran Kara-Kara da suka sami makaranta da sana'a.

ABIN DA A KE SO KOWANE RESHE YA YI

Na ɗaya. A sami littafi, kowace ran kasuwa a rubuta kuɗin tiyar hatsi, dawa, wake da riɗi, da na rago da akuya da fata. A aika wa rassa maƙwabta ta waya a ranar. Dillali ba ya cutar wanda ya san farashin birni.

Na biyu. A yi rumbun haɗin gwiwa. Manomi ya kan sayar da kaka lokacin araha, ya sayo da bazara lokacin tsada, hatsin nan nasa. A ajiye tare, mai bukata ya karɓi rance a kan buhunsa, a sayar in kasuwa ta tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku. A rage fitar da kaya ɗanye. Matan da ke matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da majema, da masu kilishi, a haɗa su ƙungiya su sayi inji tare, a nema musu rumfa a birni.

Na huɗu. A ci gaba da renon gawo a gona. Manoman Magarya da Matamai da Mirya, tun daga shekarun 1980, sun mai da miliyoyin itatuwa ba tare da sun dasa ba, sassabe kawai suka gyara suka bar tsiro. Har daga ƙasashen waje ana zuwa koyo. Gonar da ke ciyarwa ita ce ke hana ɗa gudu.

Na biyar. Duk inda aka zauna da mahukunta, a yi magana da ladabi amma da baki ɗaya a kan abu uku: ruwan birni, da kula da hanyar Tanut zuwa Agadas da ta Magarya da ta Matamai, da reshen dogo daga Daura. A rubuta a takarda, a karɓi amsa a takarda.

Na shida. Mai gareji, mai shago, maƙeri, tela, mai mota, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa, kada kuwa ya tambaye shi unguwarsu ko ciwon kakansa.

Magatakarda su kawo rahoton abin da aka fara a taro mai zuwa, da sunan kasuwa da adadi, ba da baki kawai ba.

Jama'a, kakanninmu ba su da teku, ba su da gulbi, amma sun sa Tarabulus da Kukawa da Kano sun san da zamansu, don sun riƙe hanya sun kuma riƙe amanar baƙo. Wurin bai tashi ba, yana nan inda ya ke tsakanin hamada da ƙasar noma. Abin da ya rage namu ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya shirya mana zuriya.